Fuska ko Alama: Wane Bango Ya Dace da Albam Ɗinka?

Yawancin mawaƙan da na sani sai an gama haɗa sauti, an sa ranar fitarwa, sannan ake tunawa cewa albam yana buƙatar bango. Sai a tura wa mai zane hoto ta WhatsApp da tsakar dare, a ce gobe da safe ake so. Abin yana damuna. Mutum ya shafe wata shida yana zarya situdiyo, ya kashe kuɗin da bai taɓa kashewa ba, amma abin da idon jama'a zai fara sauka a kai kafin kunne ya ji ko bugun ganga ɗaya, shi ne aka ba awa uku.

In ka zauna za ka yi shawara, hanyoyi biyu ne manya a gabanka. Ko dai ka sa fuskarka, ko ka sa wata alama da za ta tsaya a madadinka: zane, launi, wani abu guda da zai ɗauki ma'anar waƙoƙin. Akwai ta uku, wato cika bango da taron hotuna masu ba da labari, za mu zo kanta. Kowace a cikinsu ta taɓa fitar da wani kunya, kowace kuma ta taɓa kunyata wani.

Sai dai kafin a shiga kwatance, akwai maganar girma, domin ita ce ta sauya komai. Da can faifan garmaho a cikin takarda mara ado ake sayar da shi, har wajen 1940 da wani matashin mai zane a kamfanin Columbia na Amurka, Alex Steinweiss, ya shawo kan shugabanninsa aka fara yi wa faifai bango mai hoto. A 1948 kamfanin ya fito da babban faifai mai ɗaukar waƙoƙi da yawa, wanda kwalinsa ya kai kusan santimita 31 ta kowane gefe. Fili ne babba, ana riƙe shi da hannu biyu a ƙare masa kallo. Da faifan CD ya zo, filin ya koma kusan santimita 12. Yau kuwa a Audiomack ko Boomplay ko Spotify, bangonka a cikin jerin waƙoƙi bai fi kan babban yatsa ba. Duk misalin da zan kawo, ka riƙa auna shi da wannan ɗan fili.

Mu fara da fuska, tunda ita muka gada. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai sayar da kaset a kasuwa ya san yadda abin yake: makaɗi da babbar riga da hula, ko ɗan wasa riƙe da kayan kiɗansa, sunansa da manyan baƙaƙe a sama. Mai saye ba ya buƙatar iya karatu, ya ga fuska ya gane. Turawa ma ba su taɓa barin wannan hanya ba. Albam ɗin da ya fi kowanne kasuwa a tarihi, Thriller na Michael Jackson wanda ya fito a ƙarshen 1982, bangonsa ba komai ba ne illa saurayi a kishingiɗe cikin farar kwat, bayansa baƙi, sunansa a rubuce kamar sa hannu. Kwat ɗin ma ta mai ɗaukar hoton ce, Dick Zimmerman, aka ara. Ba a ɓoye wata ma'ana a ciki ba. Saƙon ɗaya ne: yaron nan da kuka sani yana waƙa da 'yan'uwansa ya zama babban mutum mai cin gashin kansa. Haka Adele ta yi a 2011 da albam ɗinta mai suna 21: hoto baƙi da fari, kai a sunkuye, hannu a gashi. Labarin zuciya a tambayi fuska, kuma wanda ya ga wannan fuska ya san waƙoƙin rabuwa zai ji.

Amfanin fuska ga mawaƙinmu ya wuce na ado. A ina kuɗi yake shigo masa? Ba daga ƙirgen masu sauraro a intanet ba, sai ƙalilan. Daga biki ne, da wasan Sallah, da taro, da talla. Mai gayyata yana son wanda in ya shigo fili za a gane shi tun daga ƙofa. Kowane bango mai fuskarka tamkar fosta ce da aka manna a wayar mutum kyauta. Ga kuma wani abu: idon ɗan Adam yana kama fuska ko da ta yi ƙanƙanta, shi ya sa fuska take jure matsewar allon waya fiye da kusan komai.

Aibinta shi ne kowa yana da ita. Buɗe jerin sababbin waƙoƙi ka gani: saurayi da baƙin gilashi, hannu a haɓa, agogo a waje, mota a baya. Goma a jere, ba ka bambance na Kano da na Kaduna. Fuskar da ba ta faɗin komai game da waƙoƙin hoton fasfo ce kawai da aka yi wa kwalliya. Sannan tana tsufa. Askin da ake yayi bana da ɗinkin da ake yayi bana su ne za su nuna shekarun albam ɗin nan da shekara biyar. Kuma kyakkyawan hoto ba arha ba ne: mai ɗauka wanda ya san haske, da wurin ɗauka, da sutura. Wanda ya ɗauka da waya a ɗaki mai duhu ya ce mai zane ya gyara, zai samu fuska mai santsi kamar roba, wadda ba ta kama da shi.

To, alama fa? A nan ne zuciyata ta fi karkata, shi ya sa zan yi ƙoƙarin yi mata adalci ba son kai ba.

A watan Maris na 1973 ƙungiyar Pink Floyd ta Ingila ta fitar da The Dark Side of the Moon. Bangon baƙi ne wuluk. A tsakiya gilashi mai kusurwa uku, farin haske siriri ya shiga ta hagu, ya fita ta dama ya rabu launi shida kamar bakan gizo. Babu sunan ƙungiya, babu sunan albam, babu fuskar kowa. Masu zanen kamfanin Hipgnosis, su Storm Thorgerson da Aubrey Powell, su ne suka kawo shawarar bayan mai kiɗan madannai na ƙungiyar, Richard Wright, ya nemi abu mai sauƙi mai ƙarfi, George Hardie kuma ya zana. Alamar tana da tushe: ƙungiyar ta yi suna da wasan fitilu a dandali, don haka haske ba baƙo ba ne a wurinta. In ka buɗe kwalin, layin launukan ya ratsa ciki, koren ya koma zanen bugun zuciya, wanda da shi albam ɗin ya fara kuma da shi ya ƙare. Wannan shi ne abin da nake kira alama mai aiki: ta fito daga cikin sautin, ba daga waje aka ɗauko ta aka liƙa ba. Shekara hamsin da ɗoriya, ka matse ta ta koma girman ƙwayar gyaɗa, ana gane ta. Ba ta da askin da zai tsufa.

Mu ma ba baƙin wannan ba ne. Sha'irai masu bege sun daɗe da sanin cewa koriyar ƙubbar Madina ita kaɗai ta isa ta gaya wa mai saye abin da ke ciki. Ba sai an yi bayani ba.

Misali na kusa-kusa shi ne Brat na mawaƙiyar Birtaniya Charli XCX, a watan Yuni na 2024. Kore shar mai ɗaukar ido, da kalma ɗaya, wato sunan albam ɗin, da ƙananan baƙaƙe, an ɗan dishe ta da gangan kamar hoton da aka yi ta turawa daga waya zuwa waya. Sai da masu zanen suka gwada ɗaruruwan nau'in kore kafin su tsaya a kan wannan. Cikin makonni launin ya mamaye intanet, kowa yana rubuta tasa kalmar a kan koren, har ofishin yaƙin neman zaɓen Kamala Harris, 'yar takarar shugabancin Amurka a lokacin, ya ara. Ƙamus ɗin Collins ya zaɓi kalmar a matsayin kalmar shekara, bangon kuma ya ci kyautar Grammy ta tsarin kwali a 2025. Abin lura a nan shi ne an yi shi ne domin ƙaramin allo tun farko, kuma an yi shi yadda kowa zai iya kwaikwaya. Fuska ba ta ba mutane wannan damar. Ba wanda zai ari fuskarka ya rubuta sunansa a kai.

Amma dubi su waye suka yi wannan kasada. Albam na takwas ne na Pink Floyd. Na shida ne na Charli XCX. Lokacin da 'yan ƙungiyar Beatles ta Ingila suka fitar da farin bango fes a 1968, wanda Richard Hamilton ya tsara, ba komai a kai sai sunansu da aka danna ya ɗan taso da lambar kowane kwafi, babu lungun da ba a san su ba a duniya. Wanda aka riga aka sani shi ne yake iya ɓoye fuskarsa a zo ana nema. Wanda ba a sani ba in ya ɓoye, ɓoyuwa ya yi. Akwai wanda ya saɓa wa wannan, ban musa ba: albam ɗin farko na ƙungiyar Joy Division ta Ingila a 1979, da Peter Saville ya sa masa fararen layuka masu tudu-tudu na siginar wani tauraro a kan baƙi, ba suna ba komai. Yau ana ganin zanen a riguna a ko'ina, har a jikin waɗanda ba su taɓa jin waƙar ƙungiyar ba. Ka ga alamar ta yi nisa ta bar masu ita a baya. In burinka a san ka bana, wannan ba nasara ba ce da za ka jira.

Hatsari na biyu ya fi wannan girma, kuma shi ne mutanenmu suka fi yi wa sakaci. Alama in ta fita daga hannunka, ba kai ke fassara ta ba. Ranar 8 ga Agusta 1969 Iain Macmillan ya hau tsani a tsakiyar titin Abbey Road a Landan, ɗan sanda ya tsayar da motoci, ya ɗauki hoto shida na Beatles suna tsallaka titi don bangon albam ɗinsu. Ɗaya daga cikinsu, Paul McCartney, ya cire takalmi domin ana zafi. Cikin 'yan watanni jita-jita ta cika Amurka cewa ya mutu an sauya shi da wani, ana kafa hujja da ƙafarsa mara takalmi, da fararen kayan abokin waƙarsa John Lennon, har da lambar motar da ke ajiye a gefe. Wannan hoton titi ne kawai, ba a nufi komai da shi ba. Shekara uku kafin nan kuwa, a 1966, Beatles sun sa hotonsu cikin fararen rigunan mahauta da yankan nama da gutsattsarin 'yartsana a bangon wani faifai na kasuwar Amurka. Masu kantuna suka ƙi karɓa, kamfanin Capitol ya janye kwafi kusan 750,000, aka liƙa wani hoto a kai.

Kawo wannan gida. Mawaƙin da ya rufe ido ɗaya da hannu, ko ya sa dala mai ido a tsakiya don ya gani a wani wuri ya burge shi, kafin magariba an yi masa hukunci a Facebook cewa ya shiga ƙungiyar asiri. Wanda ya sa rubutun Larabci don ado a bangon waƙoƙin soyayya ya manta cewa da yawa za su ɗauka aya ce, kuma fostar za ta iya ƙarewa a ƙasa ana takawa. Launuka ma suna da jam'iyya a shekarar zaɓe. Shi kuma dagin Arewa, alama ce mai daraja, amma an sa shi a ƙofar gida, a hula, a tambarin kamfani, a katin biki, har ya daina faɗin komai game da mutum ɗaya. Zai ce kai ɗan Arewa ne. Ba zai ce wane ne kai ba.

Hanya ta uku ita ce ta fi daɗin kallo, kuma ita ce zamani ya fi cuta. A 1967 Peter Blake da Jann Haworth suka tara wa Beatles taron fuskoki sama da hamsin a bangon albam ɗinsu Sgt. Pepper's, marubuta da 'yan wasa da malaman Indiya, ƙungiyar a tsakiya cikin kayan badujala masu walƙiya. Sai da aka nemi izinin mutanen da ke raye. Ɗan wasa Leo Gorcey ya ce sai an biya shi, aka goge shi. Kamfanin EMI ya sa aka cire Gandhi don gudun ɓacin ran Indiya. A nan Najeriya kuwa muna da gwani a wannan fanni, Lemi Ghariokwu, wanda ya koya wa kansa zane, ya fara yi wa Fela Kuti aiki a 1974 yana matashi, ya zana masa bango 26. Bangonsa jarida ne: sojoji, 'yan sanda, talakawa a cunkushe, rubutu a kowane lungu. A na Beasts of No Nation a 1989 ya zana Margaret Thatcher da Ronald Reagan da P.W. Botha na Afirka ta Kudu da kamannin dodanni. Waƙar Fela ɗaya tana cinye gefen faifai guda, mai sauraro yana zaune da kwalin a cinya yana karantawa har ta ƙare. Zanen da waƙar tafiyarsu ɗaya.

Ina ƙaunar aikin Lemi ƙwarai, amma ba zan ba sabon mawaƙi shawarar ya bi shi a bangon da za a ɗora a intanet ba. Matse irin wannan zane zuwa kan yatsa, sai ya koma dambu. In waƙoƙinka na faɗakarwa ne kuma kana da labarin da ya cancanci irin wannan zane, yi shi a matsayin fosta ko hoton bidiyo a YouTube, ka ciro yanki ɗaya mai ƙarfi daga ciki ya zama bango.

Abin da na fi gamsuwa da shi yana tsakanin na farko da na biyu. A 1973, shekarar da gilashin Pink Floyd ya fito, Brian Duffy ya ɗauki David Bowie don albam ɗin Aladdin Sane: ido a rufe, baya fari, sai walƙiya ja da shuɗi da aka zana ta raba fuskar biyu. Fuska ce, don haka an san mai ita. Alama ce, domin tsagin yana nuna mutumin da hankalinsa ya rabu, wanda shi ne jigon albam ɗin. Yau ana iya zana walƙiyar ita kaɗai a gane wa ake nufi, amma da fuska ta fara. Taylor Swift a 2014 ta sa hotonta na Polaroid, irin mai fitowa daga kyamara nan take, da aka yanke daidai ido, ta rubuta haruffan sunanta da sunan albam ɗin, 1989, da alƙalami a ƙasa, sai hoton kansa ya zama alamar tuna baya. Burna Boy a 2019 ya mayar da bangon African Giant takardar kuɗi, fuskarsa a inda ake sa ta shugabanni. Duk ukun abu ɗaya suka ƙara wa fuska, ba biyar ba.

Saboda haka ga yadda zan raba. In albam ɗinka na farko ne ko na biyu, kuma da gayyata kake ci, sa fuskarka, amma ka zauna ka nemo abu guda daga cikin waƙoƙin da za ka haɗa da ita. Waƙoƙin kewar gida ne? Wataƙila jar ƙasar katangar garinku ce za ta cika bayanka. Na aure ne? Wataƙila hannu mai lalle ne a kafaɗa. Mota da agogo ba sa cikin lissafi sai in a kansu ka yi waƙa. In kuwa an riga an san ka, muryarka kaɗai tana isa a ce wane ne, to lokaci ya yi da za ka gwada alama tsantsa, musamman in albam ɗin ya sauka daga layin da aka saba jin ka a kai, domin sabon bango yana gaya wa masoya su zo da sabon kunne. Mawaƙiyar da ke da dalilinta na gida ko na addini na ƙin sa fuska, alama ta fi mata hoton furanni da aka kwaso daga intanet nesa ba kusa ba. Ta zaɓi launi ɗaya da salon rubutu ɗaya ta riƙe su a duk abin da za ta fitar, har su zama fuskarta. Ƙungiya mai mutum huɗu ko biyar ma alama ta fi yi mata, don fuska biyar a ɗan fili ba a ganin ko ɗaya.

Ta fuskar kuɗi, kada a ruɗe ka cewa alama ta fi arha. Ba a biyan mai hoto, gaskiya ne, amma ana biyan tunani, kuma mai zanen da zai saurari albam ɗinka sau uku kafin ya taɓa kwamfuta ya fi mai ɗaukar hoto wuyar samu.

In za ka buga kwafi na hannu don ranar ƙaddamarwa, nan ne kwali yake da faɗi: kalmomin waƙa, sunayen makaɗa, godiya. A Amurka faifan garmaho ya dawo har ya zarce CD a yawan sayarwa a 2022, karo na farko tun 1987, mawaƙan Koriya ta Kudu kuma suna sayar da albam da littafin hotuna da katunan da masoya ke tarawa. Sai dai a yi hattara da dabara mai tsada. Mai zane Andy Warhol ya sa zif na gaske a bangon Sticky Fingers na ƙungiyar Rolling Stones a 1971, zif ɗin ya riƙa karce faifai in an jera su, sai da aka koma zuge shi ƙasa kafin a tura kantuna.

Kowace ka zaɓa, kamfanonin da ke ɗora waƙa suna son hoto mai kusurwa huɗu daidai, yawanci ɗigo 3000 ta kowane gefe, kuma suna mayar da bangon da aka rubuta wa lambar waya ko adireshin intanet ko farashi. Ka tabbata salon rubutun da mai zane ya ɗauka yana da ƙ da ɗ da ɓ, don da yawa ba su da su, kuma albam mai suna Ƙauna in ya fito Kauna an riga an rage masa wani abu. Kafin ka ce ka amince, tura hoton zuwa ƙaramar waya mai tsagaggen gilashi, ka fita rana da ita, ka miƙa wa wanda bai ji waƙoƙin ba ya kalla na daƙiƙa biyu, sannan ka tambaye shi wace irin waƙa yake tsammanin ji.